Yadda ake sayen Ferrari a Dubai, da yadda ake riƙe ta kar ta tsiyata mutum

Shekarata shida ke nan a Dubai, sana'ata dillancin mota a kasuwar Al Aweer ta wajen Ras Al Khor, yawanci dai Land Cruiser da Lexus nake haɗa wa mutanenmu ana lodawa a kwantena. To akwai wani Alhaji maigidana da yake da gida a nan, rana ɗaya ya tashi ya ce shi fa Ferrari yake so, kuma ni zan nemo ta, ni zan riƙa kula da ita in ba ya gari. Tunda na yi kuskuren sa hotonta a waya sau ɗaya ban sake hutawa ba, kullum sai an tambaye ni nawa take, ya ake saye, za ta iya yin titin gida? Shi ne na ce bari in zauna in rubuta kowa ya karanta a huta. Wadda zan yi misali da ita 488 GTB ce don ita na sani ciki da bai: an fara yin ta 2015, injin V8 mai lita 3.9 da turbo biyu, ƙarfin doki 670, daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 daƙiƙa 3 ne cak, ƙarshen gudunta kuma 330.

Na farko, ka zauna da biro da takarda kafin ka je kallon mota

Yawancin masu tambayata kuɗin saye kawai suke so su ji. Lokacin da take sabuwa a Amurka wajen dala dubu 250 ake farawa, kafin ka ƙara kayan ƙawa, kuma kayan ƙawar nan ba wasa ba ne, kujerar kabon, tambarin dokin nan na gefe, kalar ɗinkin fata, kowanne da kuɗinsa. Amma wallahi sayen shi ne mai sauƙin. Abin da za ka rubuta a takardar shi ne inshora ta shekara, tayoyi huɗu, sabis, birki, garejin da zai riƙa sanyi, da kuma faɗuwar darajar motar, don duk kilomitar da ka ƙara mata kuɗi ne yake zuba. Ni shawarar da nake bayarwa, in kuɗin motar zai taɓa jarinka ko gidan da iyalinka suke ciki, ka haƙura ka yi hayarta kwana biyu ka ɗau hoto ka mayar, nan garin masu ba da haya sun fi a ƙirga.

Kuma ka san ajin da kake shiga. 488 a cikin manyan nan ƙaramar yarinya ce. Bugatti Chiron da aka haɗa a Molsheim ta Faransa, silinda 16, turbo huɗu, ƙarfin doki 1500, guda 500 kacal aka yi, farashinta ya fara daga Yuro miliyan 2.4. Yayarta Veyron in ka sake mata totur gaba ɗaya tankinta na lita 100 ba ya wuce minti goma sha biyu. Wannan ba da kai ake ba, ba kuma da ni ba, na kawo ne don ka san gaba da gabanta.

Na biyu, sabuwa ko ta hannu

Nan ne mutane suke mamaki. Ai ba shiga za ka yi da jakar kuɗi ka nuna wadda kake so a miƙo maka makulli ba. Sabuwa oda ake yi, ka ba da kafin alƙalami, ka zaɓi kala da fata, sannan ka koma gida ka jira a ƙera ta a Maranello ta Italiya, jiran kuma yakan wuce shekara. Su kuwa na musamman ɗin, kamfani ne yake zaɓar wanda zai sayar wa. LaFerrari da ta fito 2013 guda 499 aka sa a kasuwa, F80 da aka nuna a 2024 guda 799 ce a kan Yuro miliyan 3.6, kuma ana kiran tsofaffin kwastomomi ne waɗanda suka sayi motoci da yawa a baya ba su yi saurin sayarwa don riba ba. Ba Ferrari kaɗai ba ma, Ford da ta fitar da GT ɗinta sai da aka cike takardar neman saye, da sharaɗin ba za ka sayar ba sai bayan wata 24, ɗan kokawar nan John Cena ya sayar da tasa da wuri kamfanin ya maka shi kotu a 2017, daga baya suka sasanta.

Saboda haka mai farawa ta hannu zai nema, 488 ma an daina yin ta tun da F8 Tributo ta gaje ta a 2019. Hanya biyu ce: ko wajen dilan kamfani, a nan Al Tayer Motors ne, inda suke da tsarin tsofaffin motocin da suka bincika suka ba da garanti, ya fi tsada amma za ka yi barci, ko kuma shagunan Al Quoz da titin Sheikh Zayed da kasuwarmu, inda ake samun sauƙi amma sai ka buɗe ido sosai.

Na uku, takardu da asalin kuɗi

In a nan za ka yi mata rajista da sunanka kana buƙatar takardar zama da katin shaida na Emirates ID da lasisin tuƙi na ƙasar. In ba ka da su to sai dai ka saya da niyyar fitarwa waje. Kar ka yarda ka sa sunan wani, ko ɗan uwanka ne ciki ɗaya, don wanda sunansa yake jikin mulkiya, wato katin mallaka, shi ne mai mota a idon hukuma.

Kuɗi kuma ta banki, da shaidar inda suka fito. Dilan kirki zai tambaye ka, kar ka ji haushi. Ka tuna abin da ya sami Teodorin Obiang ɗan shugaban Equatorial Guinea, hukumomin Suwizalan suka ƙwace motocinsa 25 aka yi gwanjonsu a Satumban 2019 wajen dala miliyan 27, har da Lamborghini Veneno Roadster mai buɗaɗɗen sama da guda tara kawai aka yi irinta a duniya. Irin wannan motar ba ta ɓuya, duk wanda ya gan ta sai ya tambayi mai ita. In bashin banki za ka ci, dokar nan sai ka ajiye kashi 20 cikin ɗari daga aljihunka, biyan kuma ba ya wuce wata 60, akwai bankunan Musulunci masu yin murabaha ga mai gudun riba. Ni dai a ganina wanda zai ci bashi ya sayi Ferrari bai kai sayen Ferrari ba, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na huɗu, duba motar, kuma nan zan daɗe

Mun ga guda biyar kafin Alhaji ya saya. Wadda ta fi kyau a ido, ja jawur sai ƙyalli, ita ce ta fi kowacce ciwo.

Fara da lambar shasi, mai harafi da lamba 17. Ka tambaya GCC ce ko ta Amurka ce. GCC ita ce wadda aka yi wa ƙasashen Larabawan nan tun daga kamfani, tarihinta yana wajen dila, kuma ta fi daraja in ka tashi sayarwa. Ta Amurka ba haramun ba ce, sai dai da yawa daga gwanjon motocin haɗari ake kwaso su a gyara a Sharja a fesa fenti, don haka ka sa lambar a Carfax, shafin da ke nuna tarihin motocin Amurka, ka gani, wani lokaci ma in ka rubuta lambar kawai a Google hotonta zai fito da gaba a lotse. Sannan ka tuna ruwan da aka yi ranar 16 ga Afrilun 2024, wanda ya cika tituna da garejin ƙarƙashin ƙasa, mota mai ƙasa-ƙasa irin wannan ita ta fara nutsewa. Ɗaga kafet ka shinshina, leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarafunan sun yi tsatsa, jawo bel har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa. Motar da ta sha ruwa yau lafiya lau take, bayan wata shida wayoyinta su fara hauka ɗaya bayan ɗaya.

Bayan idonka, dole ka biya a kai ta garejin da suka san Ferrari su yi mata binciken kafin saye, kai za ka zaɓi garejin ba mai sayarwa ba, in ya ƙi yarda ka yi masa sallama. Abin da za ka ce su duba: su bi jikinta da na'urar auna kaurin fenti, inda lamba ta yi tsalle an yi gyara a wajen. Su ɗaga ta sama ku ga cikinta, musamman haɓar gaba da take gogar ƙasa. Su jona kwamfuta su karanto maleji na gaskiya da lafiyar giya, giyarta bakwai ce mai kuloci biyu kuma gyaranta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Sai birki, faifan birkinta na kabon ne da yumɓu, ba ya cinyewa a ido kamar na ƙarfe, cire shi ake a ɗora a sikeli, akwai nauyin da aka rubuta a jikinsa wanda in ya gaza shi ya tashi aiki, kuma kuɗin saiti ɗaya zai saya maka ƙaramar mota mai kyau.

Taya kuwa kar zanenta ya ruɗe ka. Duba gefenta akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 to satin 23 na 2019 aka yi ta. Irin motocin nan ajiye su ake ba a hawa, sai ka ga taya kamar sabuwa alhali robar ta bushe ta zama kamar ƙanzo. Haɗarin da ya kashe ɗan fim ɗin nan Paul Walker da abokinsa a Kalifoniya a 2013 cikin Porsche Carrera GT, masu bincike sun ce gudu ne, amma sun kuma samu tayoyin sun kai shekara tara. A nan ma wajen gwajin rajista ba sa wuce tayar da ta haura shekara biyar.

Na ƙarshe littafin sabis. Ferrari tana ba sabuwar mota sabis kyauta na shekara bakwai, duk shekara ko duk kilomita 20,000, kuma yana bin motar ko an sayar. To wanda aka ba shi kyauta ma bai kai ta ba, me kake zato ya yi mata? In ka ga an tsallake shekara biyu ba tambari, ka rage kuɗi sosai ko ka bar ta. Ka kuma lissafa cewa ta 2016 ko 2017 ta riga ta fita daga wannan gatan, yanzu daga aljihunka ne. Kar ka manta ka tambaya ko tana da na'urar ɗaga gaba, don ba kowacce aka sa wa ba, ni ko kyauta aka rage min ba zan ba wa mutum shawarar wadda babu ba.

Na biyar, biya da inshora da rajista

Wannan ba wuya. Ku rubuta yarjejeniya, ka tabbatar babu bashin banki ko tara a kanta, a biya da cekin banki a ofishin canja suna, hannu da hannu. Ka karɓi makulli biyu, littattafai, rigar motar da cajar batirinta. Inshora ka nema tun kafin ka biya, don wasu kamfanonin ba sa karɓar yaro matashi ko sabon lasisi a irin wannan motar, kuma ka ce lallai wadda za a gyara a garejin dila kake so. Rowan Atkinson ɗan barkwancin Ingila da ya buga McLaren F1 ɗinsa a 2011, fam 910,000 inshora ta biya na gyara, kai ka ji. Daga nan gwaji, RTA, hukumar tituna da sufuri ta Dubai, su ba ka mulkiya da lamba, ka manna Salik na kuɗin titi, shi ke nan. Lamba ka karɓi ta talakawa abinka, masu neman gajera su ne suke gwanjo, P 7 a 2023 dirhami miliyan 55 aka saye ta, ta ninka motar ban san sau nawa ba.

Na shida, koyon hawa

Ranar farko na zauna a ciki na fi minti biyar ina neman sandar giya, babu. Ga yadda take: ka taka birki, makulli yana aljihunka, ka danna jan maɓallin da ke jikin sitiyari, za ta yi wata irin kururuwa a bayan kanka don injin a bayan kujera yake. Ja filafilin dama na bayan sitiyari, giya ɗaya ke nan. Ribas maɓalli ne mai R a tsakiya, in kana so ta riƙa canja giya da kanta ka danna Auto, in kana son firi ka ja filafilan biyu tare. Sigina ma maɓalli ne a kan sitiyarin, sai ka yi kwana biyu hannunka yana laluben iska. Akwai ɗan jan makunni da ake murɗawa, manettino suke ce masa, yana da Wet, Sport, Race, CT off da ESC off. Ɗan uwa ka zauna a Wet da Sport. Biyun ƙarshen nan cire mata linzami suke yi, duk bidiyon da kake gani mota ta juya ta daki fitilar titi a gaban jama'a, yawanci wani ne ya murɗa can yana so a gan shi.

Kar ka taka ta da sanyin inji, ka bari allon ya nuna mai da taya sun yi ɗumi. In ka dawo daga gudu kuma kar ka kashe nan take, yi tafiya a hankali na ɗan lokaci turbo ya huce.

Sai maganar ƙasa. Ko gorar ruwa a tsaye ba za ta shige ƙarƙashinta ba. Duk tudun rage gudu da gangaren gareji, ka rage sosai, ka danna maɓallin ɗaga gaba, yana ƙara mata wajen santimita 4, ka hau a karkace taya ɗaya bayan ɗaya. Ni a sati na biyu na fito daga garejin wani otal ina amsa waya na manta ban danna ba, sai ji na yi ƙuuu daga ƙasa, wallahi har cikin haƙorina na ji shi. Na fito na durƙusa na ga haɓar kabon ta tsage kamar tsawon yatsa. Da na kira Alhaji ya yi shiru ya ce “kai dai lafiyarka ƙalau ko?” na ce lafiya lau ranka ya daɗe, ya ce to a gyara. Bai cire a kuɗina ba, amma da na ga rasit ɗin na kwana biyu abinci ba ya min daɗi.

Na bakwai, ajiya

Abin da ya fi kashe motocin nan zama ne. Duk lokacin da za ta kwana fiye da 'yan kwanaki ka jona mata cajar batir a bango, in ba haka ba batirin ya mutu, kwamfutocin su rikice, a zo da motar ɗauka. Ka gaya wa mai shara kar ya zare don ya jona injin shararsa, ya taɓa faruwa da mu. Gareji mai rufi da sanyi, don zafin nan yana wuce 45 a watan Yuli, yana busar da fata da roba. Duk sati ko sati biyu ka fita da ita ta yi tafiyar rabin awa, kunna ta a tsaye kawai ba ya wadatarwa, tayar ma in ta daɗe waje ɗaya tana yin gefe. Mai kuma Super 98 kawai, ba Special 95 ba, balle E-Plus 91. Wanki da hannu, kar ka kai ta injin burushi, kuma tun farko ka sa a manna mata ledar kare fenti a gaba saboda tsakuwa da yashi.

Na takwas, ina za ka yi gudun

Ba a titi ba dai. Kyamara ko'ina, in ka haura ƙa'ida da fiye da kilomita 80 tarar dirhami 3,000 ce da maki 23 a lasisi da tsare mota kwana 60. A 2018 wani ɗan yawon buɗe ido daga Ingila ya yi hayar Lamborghini Huracan, cikin awa huɗu da dare ya tara tarar sama da dirhami 170,000 a titin Sheikh Zayed. In kana so ka ji abin da ka saya, ka biya kuɗin yini a filin tsere na Dubai Autodrome ko Yas Marina ta Abu Dhabi, ka ɗau malami ya zauna gefenka. Sai dai ka sani inshorar titi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere, kuma yini ɗaya yana iya cinye rabin tayarka. In shan iska ne kawai, hanyar dutsen Jebel Jais ko Jebel Hafeet bayan sallar asuba, ba kowa, a hankali ma daɗi ne.

Masu cewa a kawo ta gida

Ana iyawa, akwai masu su a Legas da Abuja. RTA za su ba ka takardar fitarwa, a sa ta a kwantena ita kaɗai daga tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali a ɗaure tayoyin, ko a jirgin sama in aljihu ya yarda, kar ka yarda da jirgin ruwan da ake tuƙa mota a shiga da ita. Ta Dubai sitiyarinta a hagu yake, daidai da mu, amma ta Ingila mai hannun dama kar ka soma, ba a yarda da ita ba. Ka buɗe Form M, takardar shigo da kaya Najeriya, a banki tun kafin a loda, ka sami ejan na ƙwarai a Tin Can ko Apapa, kwastam da lambar shasi suke yanke kuɗin fito don haka babu zancen a ce ai tsohuwa ce. Daga tashar a ɗora ta a babbar mota rufaffiya, ba a tuƙo ta ba.

Matsalar tana farawa ne bayan ta iso. Fetur ɗin gidan mai bai kai 98 ba, sai ka riƙa neman mai kyau ko maganin ƙari, garejin kamfani kuma sai an fita waje, kamar Afirka ta Kudu, ko ka dawo da ita nan, in wani abu ya tashi sai dai a turo makanike da kwamfutarsa a jirgi, kai za ka biya tikiti da otal. Ga rami, ga damina, ga mai Keke Napep da zai goge ka ya fito ya ce Alhaji a yi haƙuri. Alhajina ma ya yi niyya sau biyu yana fasawa, har yanzu tana nan ƙasan bene lulluɓe da jar rigarta, gobe Juma'a ma da sassafe zan zare cajar in kai ta Jebel Jais in dawo kafin rana ta yi zafi.